Garwashi a Ƙarƙashin Raga

"Yau kafin rana ta faɗi za a kawo shi," in ji Baba Ceferino, bai ko ɗago kai daga gatarin da yake sa wa sabuwar ƙota ba. "Na gama magana da abokansa. Ki dawo da wuri."

Nadili ta ci gaba da ɗaura jan kallabinta. Ta san wanda ake nufi sarai, amma ta so ta ji sunan daga bakinsa.

"Wa za a kawo, Baba?"

"Fulgencio. Ko kina da wani ne?"

"Ina da shi. Ka san sunansa, ka ci girkinsa ma, har ka nemi ƙari."

To, nan fa ake yin ta. Wata takwas ke nan gidan bai ga zaman lafiya ba a kan wannan magana. A tsibiranmu ai namiji ake ɗauka. Abokansa su sungume shi a kafaɗa, su kai shi gidan yarinya, su jefa shi cikin ragar kwanciyarta, tsohuwar gida ta ɗebo wuta daga murhu ta ajiye a ƙarƙashi. In ya zauna, ya zama ɗan gidan, shi da ƙarfinsa duka. In ya zabura ya gudu, magana ta mutu. Shi kuwa Baba Ceferino ƙarfin yake nema.

"Ni suruki nake so, ba kuku ba," ya ce. "Kafaɗar nan ta ƙi ni, kina gani. Wa zai tsallaka gaɓa da ni ya saro itace? Wa zai hau mana kwakwa? Yaron da aka raina a Colón, bai san bakin gatari da ƙotarsa ba? Uwarsa tamu ce, na yarda, amma hannunsa na birni ne."

"Shekarata ashirin da bakwai, Baba."

"Shi ya sa nake sauri."

Ya saɓa gatarinsa ya fita. Nadili ta tsaya tana kallon ƙofar, ranta a ɓace, amma ko ɗigon hawaye ba ta yi ba. Ta riga ta yi kukanta ta gama tun watannin baya.

Duk abin nan Muu, kakarta ta wajen uwa, tana zaune gefen murhu tana ɗinkin mola, wato adon rigar matanmu, kai ka ce kurma ce. Sai da takun surukinta ya yi nisa ta soke allura a riga, ta miƙe da ƙyar, ta nufi ragar Nadili ta fara kwance igiyarta daga jikin ginshiƙi.

"Muu, me kike yi?"

"Wanki zan yi. Amarya ba ta karɓar miji a raga mai datti." Ta naɗe ta tsaf, ta cusa a ƙasan kwandonta, ta jera rigunan sayarwa a kai. "Yau wace rana ce?"

"Alhamis."

"Ashe ina da aiki a wurinku." Tsohuwar ta dube ta da ƙananan idanunta, zoben hancinta na ƙyalli. "Uwarki ce ta saƙa ragar nan tana da cikinki. Ba ta saƙa don a jefo miki wanda ba kya so ba. Amma ki sani, ni wuta kawai zan iya ɗaukowa. Zaman, nasa ne."

Nadili ta durƙusa ta rungume ƙafafunta. Muu ta ture ta.

"Tashi, za ki zubar mini da duwatsun adon ƙafa. Jirgi zai tafi ya bar ki."

*

Daga tsibirin ƙauye zuwa Sikwidub tafiyar minti goma ce a jirgin ma'aikata. Can masaukin baƙin da take aiki yake, ɗakuna goma sha biyu a kan ginshiƙai cikin ruwa, kowanne da gilashi a daɓe don baƙo ya ga kifi daga kan gadonsa. Mutane su ƙetare rabin duniya don su kwana ƙarƙashin jinka, irin wadda mu muke neman kwanon da za mu maye gurbinta da shi. Allah mai iko.

Nadili ce shugabar masu kai baƙi ruwa. Ranar tana da wasu amarya da ango daga Brazil, sai wata dattijuwa da ta rantse ba za ta sa kanta cikin teku ba ko za a yanka ta. Cikin minti ashirin Nadili ta sa mata gilashin ninƙaya da bututun numfashi, ta riƙe hannunta suna shawagi a tafkin da ke bayan duwatsun murjani, inda ruwa bai wuce ƙirji ba kuma ana ganin yashi fari tas. Dattijuwar ta ɗago tana ihun murna ta ga kunkuru.

"A kalla da ido, kada a taɓa," Nadili ta ce wa angon, ganin ya kai hannu ga wani kifi mai siffar tauraro. "Gidansa ne, mu ne baƙi."

Aikinta ta iya shi, kuma ta san ta iya. Sai dai yau hankalinta rabi yana tafki, rabi yana bayan ɗakin girki.

Suna fitowa ta tarar da jirgin Fulgencio a jikin gadar katako, injinansa biyu suna huci. Shi ne ke ɗauko baƙi daga gaɓa. Ƙato ne, ga kafaɗa ga fara'a, kuma babu wanda ya taɓa kama shi da mugun hali, in ban da son a kalle shi.

"Matar gida," ya kira ta. "An ce yau in yi wanka da sabulu mai ƙamshi."

"Ka yi, don Allah. Fasinjojinka sun daɗe suna haƙuri."

Ya yi dariya har da dukan cinya. "Ki yi ta baki. Mutum shida na tanada, saboda nauyina."

"Ka ce su riƙe ka da kyau. Hanyar gidanmu akwai santsi."

Ta wuce, ya biyo ta taku biyu, ya rage murya.

"Nadili, tsakani da Allah, me na rasa? In na shiga gidanku mahaifinki ya daina ɗaga gatari har abada."

Ta tsaya. Ta ji tausayinsa, don gaskiya ya faɗa.

"Ba ka rasa komai ba, Fulgencio. Ni ce dai ba ka samu ba. Na gaya maka sau uku, wannan na huɗu."

"Za ki saba," ya ce, ya koma jirginsa yana fito.

*

Ta sami Remigio, kukun nata, a bayan ɗakin girki, zaune kan akwatin ƙanƙara, yana wasa wuƙaƙensa a dutse. Kullum da azahar haka yake yi, ɗaya bayan ɗaya, ya gwada kowacce a babban yatsansa kafin ya ajiye. Siriri ne, mai sanyin magana. Ganin fuskarta ya sa ya dakata.

"Yau ne," ta ce.

Ya ajiye wuƙar a hankali. "Na ji. Masu wanke-wanke sun gaya mini tun da safe, har da yi mini gaisuwar ta'aziyya."

"To me ka ce?"

"Akwai jirgin ƙarfe uku zuwa gaɓa. Kafin dare muna birni. Otal ɗin da na bari har gobe suna kirana, ke kuma da turancinki da ninƙayarki ba za ki yi sati ba ki sami aiki ba. Mu tafi, Nadili."

"In bar Muu ga wa? In bar kabarin Nana, mahaifiyata, ga wa? In bar Baba da kafaɗa ɗaya, ana nuna shi a zauren taro ana cewa ga wanda 'yarsa ta gudu?" Ta matso kusa da shi. "Ni ba na gudu, Remigio. A nan aka binne cibiyata. Kai ka dawo neman tsibirin uwarka, ka ce birni ya ishe ka. Ko da baki kawai ka dawo?"

"Kada ki ce haka."

"To me zan ce?"

Ya sunkuyar da kai yana kallon hannuwansa. "Mutumin nan bai taɓa kiran sunana ba. Kuku yake ce mini. Kin san abin da ake nufi da in shiga gidanku? In ya ce tashi, in tashi. In ya ce tsallaka, in tsallaka. Kowace safiya zai kalle ni ya ga abin da ban iya ba. Ina sonki, Allah ya sani, har ba na iya ɗanɗana gishiri a miya in muka yi faɗa. Amma ina tsoronsa, kuma ina tsoron ranar da ke ma za ki fara kallona da idonsa."

Hawayen da ta ce ta gama da su suka zubo. Ta bar su, ba ta share ba.

"Ni da na ga ka tsaya kwana uku kana dafa wa Muu romo lokacin da ta kwanta, kana aikowa a ɓoye? Ni zan kalle ka da idon wani?" Ta ja numfashi. "Saurara, ba ni da lokaci. Wasan yau na ƙarfe biyar, ragar da za a rataya tawa ce, ta ɗakina. Abin da Muu za ta sa a ƙarƙashi ba fitilar Doña Maritza ba ce."

Ya ɗago da sauri.

Duk Alhamis masaukin yana yi wa baƙi wasan aure a bakin ruwa. A ɗauko Remigio, don manaja Doña Maritza ta ce ya fi kowa kyau a hoto, a jefa shi raga kusa da Nadili, Muu ta tura tukunyar ƙasa mai jar fitilar batir a ƙarƙashinsu, saboda manajar tana tsoron wuta kusa da jinka kamar mutuwarta. Sai ya zabura ya ruga da gudu, baƙi su yi ta dariya, sannan a jefa nasu amarya da ango su ma a ɗauke su hoto. Raga ta kanti, wuta ta ƙarya, babu abin da ya ƙullu. Sau arba'in da wani abu ya gudu daga gefenta ana tafi.

"Kawu Benildo zai zo yi wa baƙi bayani, kamar kullum," ta ce. "Shi ne kakakin zauren taro, abin da ya gani da idonsa ya zauna. Ban yaudare ka ba, ga shi na gaya maka tun da rana. In ka tashi ka gudu, baƙi za su yi dariya, babu wanda zai san komai sai ni da Muu. Ba zan zage ka ba. Na dai ji amsarka."

"Sai ki koma gida a kawo miki Fulgencio?"

"Wannan kuma ni da shi ne. Ba da shi nake tsorata ka ba."

Ya buɗe baki, sai aka kwaɗa masa kira daga ciki, kifin tebur na huɗu yana ƙonewa. Ya miƙe, ya tsaya kamar zai ce wani abu, ya kwashe wuƙaƙensa ya shige. Bai ce e ba, bai ce a'a ba.

*

Ƙarfe biyar baƙi suka hallara a kan yashi, kowa da kofin ruwan kwakwa da waya a hannu. An ɗaure raga tsakanin bishiyoyi biyu. Doña Maritza ta ɗan yamutsa fuska.

"Wannan tsohuwar ragar fa? Ina sabuwar?"

"Ta jiƙe," in ji Muu, tana zaune da tukunyarta a rufe da ɓawon kwakwa.

Kawu Benildo ya gyara hularsa ya fara bayanin da ya haddace. Yana cikin magana idonsa ya sauka kan ragar, kan jan zaren da ke gefenta. Ƙanwarsa ce ta saƙa, yaya za a yi ya kasa ganewa? Maganar ta sarƙe masa. Ya dubi Muu, Muu ta dubi teku.

Nadili ta hau ta zauna, ta gyara rigarta. Ta ɗaga kai ta yi wa baƙi murmushi.

Can sai ga su daga wajen ɗakin girki, maza huɗu ɗauke da Remigio, suna ihun "Sui! Sui!", wato ga miji nan. Ko farar rigar aikinsa bai cire ba. Suka jefo shi, ragar ta yi ƙasa da su biyu, kafaɗarsa ta bugi tata.

Muu ta taso a hankali. Ta ɗage ɓawon kwakwar, ta hura sau biyu, ta tura tukunyar ƙarƙashinsu. Hayaƙi ya taso siriri, mai ƙamshin itacen murhun gidansu. Mazan huɗu suka daina ihu lokaci guda, suka ja da baya.

"Wuta ce wannan?" Doña Maritza ta ce. "Wa ya kawo wuta?"

Muu ta kama igiya ta fara lila su.

A daidai nan ne ake gudu. Baƙin da aka ba labari suka ɗaga wayoyi suna jira. Nadili ta ji ya motsa, ya sauke ƙafa ɗaya har ta taɓa yashi. Ta rufe ido. Ta yi alkawarin ba za ta riƙe shi ba, don haka ta damƙe zaren ragar da hannu biyu.

Sai ga rurin injina biyu daga wajen ƙauye.

Ashe Fulgencio ya kasa haƙuri har rana ta yi sanyi. Mutanensa shida sun ɗauke shi tun huɗu da rabi, sun ratsa gari da shi ana guɗa, sun shiga ɗakin Nadili, suka tarar da ginshiƙi wayam, babu raga. Baba Ceferino ya leƙa murhu ya ga an ɗebi garwashi. Bai tambayi kowa komai ba.

Jirgin ya daki gadar katako. Baba Ceferino ne ya fara sauka, gatarin da ya tanadar wa surukinsa yana hannunsa, don a cikin fushi ya manta bai ajiye ba. Bayansa Fulgencio, sai ƙamshin sabulu yake yi. Baƙi suka dare, wasu suna tafi, sun ɗauka cikin wasan ne.

"Tashi ka gudu, ɗan'uwa," ɗaya daga cikin mazan ya raɗa wa Remigio. "Yanzu kam da dalili."

Remigio ya dubi gatarin, ya dubi mai gatarin. Sannan ya ɗauke ƙafarsa daga kan yashi ya mayar cikin raga, ya lalubo hannun Nadili ya ɓamɓare shi daga zaren, ya riƙe. Tafin hannunsa sharkaf da gumi.

"Har yanzu tsoro nake ji," ya ce a hankali.

"Na sani. Zauna da shi haka nan."

Baba Ceferino ya tsaya a kansu yana huci. "Iya, me ke nan kika yi mini?"

Muu ba ta daina lilo ba. "Abin da aka yi maka na yi masa. Murhun nawa ne, Ceferino, gidan ma nawa ne. Ka manta ranar da aka kawo ka? Kana kuka kana kiran uwarka. Marigayi mijina ya ce mini wannan ramammen ko ayaba ba zai iya sarewa ba, a mayar da shi. Na ce a'a, 'yata shi take so. Shekara talatin ke nan, ka ga na yi asara?"

Wani ya tuntsire da dariya ya toshe baki. Baba Ceferino ya juya ga Kawu Benildo.

"Kai ma kana tsaye?"

Kawu Benildo ya cire hula. "Raga ta gida ce, wuta ta gida ce, tsohuwar gida ce ta sa. An lila, bai tashi ba. Abin da na gani ke nan, shi zan faɗa a zaure."

Fulgencio ya daɗe yana kallon hannayen nan biyu da ke riƙe da juna. Fuskarsa ta yi nauyi, Nadili ta ji ba daɗi har cikin ranta.

"Sau huɗu ta gaya mini," ya ce, ba da kowa yake ba. Ya juya wurin mutanensa. "Ku zo mu tafi. Wanda ya sake ɗaukata yau sai na jefa shi ruwa."

Baba Ceferino ya dubi 'yarsa. Ta dube shi ido cikin ido, hawaye na bin kumatunta, ba ta sunkuyar da kai ba.

"Ban gudu ba, Baba," ta ce. "Ga ni nan. Shi ma ga shi."

Tsohon ya jefa gatarin a kan yashi, dab da ragar.

"Zama cikin raga kowane rago ya iya. Aure bai cika ba sai an kawo itace. Gobe kafin rana ta fito za mu tsallaka gaɓa, ni da kai, babu inji. Bishiyar da zan nuna maka ta karya mini ƙota biyu. In ka kasa kayar da ita, ka koma wa tukunyarka, ni kuma in koma zaure da maganata."

Remigio ya sauko. Ya sunkuya ya ɗauki gatarin. Ya juya shi, ya share yashin da gefen farar rigarsa, ya ɗora babban yatsa a bakinsa ya ja a hankali, yadda yake yi kullum da azahar.

"Baba," ya ce, "ba ƙotar ce da laifi ba. Bakin ne ya dakushe. Da wannan ko kabewa sai an yi da gaske."

A tsibirin nan babu wanda ya taɓa gaya wa Ceferino cewa gatarinsa ba ya ci. Gaskiyar ita ce tun da kafaɗar ta lalace bai iya danna ƙarfe a dutse yadda ya kamata, kuma bai taɓa faɗa wa kowa ba.

"Wa ya ce ka kira ni Baba?"

Remigio ya ƙara riƙe gatarin gam.

Tsohon ya juya ya nufi gada, yana dafe da kafaɗarsa. Ya yi taku biyar ko shida, ya tsaya, bai waiwayo ba.

"Dutsen wasawa yana bayan murhu," ya ce. "Ka zo yau da wuri ka wasa shi, Remigio, kafin haske ya tafi."